Richard Howard: da wane littafi zan fara?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Jiya ina kakkaɓe kantar littattafaina sai idona ya faɗa kan wani abu da ban taɓa kula da shi ba. Littattafai uku da na saya a lokuta daban-daban wajen masu gwanjon littattafai, ɗaya na Saint-Exupéry, ɗaya na Camus, ɗaya na Roland Barthes, dukkansu a ƙasan sunan marubucin an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa Richard Howard ne ya fassara daga Faransanci. Ni ba na jin Faransanci. Ashe duk shekarun nan da nake cewa na karanta wane, na karanta wane, ta bakin mutum ɗaya nake jin su ban sani ba. Wane ne shi? Kuma in zan bi aikinsa a tsanake, ta ina zan faro? Hutun makaranta ya kusa, ina da kamar mako shida.

Abu Yusra: Wa alaikumus salam. Anti, kin taɓo babba. A jerin littattafan da aka ba mu a digiri na biyu sunansa ya yi ta fitowa. Amma bari Malam ya shigo tukuna, shi ya fi mu sanin tarihinsa.

Malam Babba: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika duba ƙasan shafi, ba kowane mai karatu ke dubawa ba. Richard Howard Ba'amurke ne, an haife shi a Cleveland ta jihar Ohio a 1929, kuma a hannun iyayen riƙo ya tashi. Ya yi karatu a Jami'ar Columbia da ke New York, daga nan ya wuce Sorbonne a Paris. Da ya dawo gida, aikin da ya fara kamawa shi ne haɗa ƙamus. Shekaru ya yi yana zaune yana rubuta ma'anar kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kuma a ganina nan aka ƙera shi. Wanda ya saba tsayar da kalma ya tambaye ta asalinta da iyakarta da danginta, shi ne zai iya zama tsakanin harshe biyu bai zalunci ko ɗaya ba. Daga ƙarshen shekarun 1950 har tsufa ya kama shi bai ajiye alƙalamin fassara ba. Littattafan da ya juya daga Faransanci zuwa Ingilishi sun haura 150. Ya mutu a New York a watan Maris na 2022 yana da shekara 92.

Sai dai kada ki ɗauke shi tafinta kawai. Sha'iri ne, kuma da waƙoƙinsa na kansa ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar adabi a Amurka, a 1970. Zan dawo kan wannan in na idar da salla.

Ɗan Damagaram: Barkanku da wuni. Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Mu nan da Faransanci muka yi lakwal, don haka ba ta hannun Howard na karanta waɗannan mutane ba. Na san shi ne lokacin da nike koyon Ingilishi: sai in aza na Faransanci a dama, nashi a hagu, in yi ta bi layi-layi da yatsa.

Akwai labarin da shi da bakinsa ya sha bayarwa. Yana ɗan shekara biyar aka yi tafiya da shi a mota daga Cleveland zuwa Florida, tafiyar kwana biyar, sai wata 'yar'uwarsu ta riƙa faɗa mashi sunan duk abin da suka gani ta taga da Faransanci. Bayan shekaru, da ya fassara littafin Janar de Gaulle, tsohon shugaban Faransa, janar ɗin ya tambaye shi tsawon lokacin da ya ɗauka yana koyon harshen, ya ce kwana biyar. Ba shakka ba a ƙware a harshe cikin kwana biyar, amma na yarda a nan aka shuka irin.

Tunda na ambaci de Gaulle, ga shawarata ta farko, musamman ga 'yan'uwa na Najeriya. Tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ya rubuta juzu'i uku ne, Howard ya fassara na biyu da na uku. A na biyun ne ake samun taron Brazzaville na farkon 1944, inda gwamnonin Faransa suka zauna kan makomar ƙasashen da suke yi wa mulkin mallaka, har da tamu, suka yi alkawarin gyare-gyare amma suka ce batun mulkin kai babu shi ko da nan gaba mai nisa. Duk mai son ya gane yadda Bafaranshe ke kallon wannan yanki, ya ji daga bakin mai gidan.

Ummu Hanan: Na gode Yaya. Na rubuta shi, amma gaskiya juzu'i biyu na tarihin yaƙi sun yi wa mako shida yawa. Na fi son abin da zan ga hannunsa a fili.

Maman Sadiq: To ki fara da wanda ke kantarki. Ɗan ƙaramin yariman nan na Saint-Exupéry, The Little Prince, duba shafin farko ki ga shekarar fassarar. Tun 1943, shekarar da littafin ya fara fita a New York, fassarar Katherine Woods ce a hannun masu karanta Ingilishi. Ta Howard a 2000 ta fito, daidai cikar shekara ɗari da haihuwar marubucin. Ina da duka biyun. Ta Woods ta fi tsayin jimla da ado, ta Howard gajera ce kai-tsaye, kamar yaro na magana. Da yawa daga waɗanda suka tashi da ta farko ba su yafe masa ba, kuma na fahimce su, domin abin da uwa ta karanta maka kana ƙarami ba ka son a taɓa shi. Ki aro ta Woods a wurina ki jera su. Babi ɗaya ya ishe ki ki ga abin da mai fassara yake yi.

Ɗan Damagaram: Hajiya ta yi gaskiya, ta Howard ta fi kusa da Faransancin, don shi ma na asalin ba shi da ado. Ki zaɓi babin da yaron ya haɗu da dabbar nan mai dogayen kunnuwa. In kika dubi zanen za ki ga yanyawa ce ta Sahara. Saint-Exupéry matuƙin jirgin wasiƙu ne, ya zauna a hamada, kuma a ƙarshen 1935 jirginsa ya faɗi a hamadar Libiya, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Abu ɗaya ne ke sosa mini rai a littafin tun ina yaro: itacen kuka ne ya zama mugun iri da ake tsoron ya tsaga duniyar yaron. Mu da muke shan miyarta kullum, mushenmu, wato malaminmu, ya sha tambaya a aji a kan wannan.

Maman Sadiq: A wannan babin akwai kalma ɗaya da labarin ya rataya a kanta. Masu fassarar Ingilishi, Woods da Howard duka, sun yi amfani da kalmar da ake faɗa in an horar da dabbar daji, kuma kullum ina jin ta yi tauri. Da Hausa za a juya, da sabo zan ce. Yanyawar tana roƙon yaron ya saba da ita, ya riƙa zuwa kullum lokaci ɗaya yana matsowa kaɗan-kaɗan, kuma da lokacin rabuwa ya zo ta ce za ta yi kuka. Ai mun riga mun faɗa, sabo ake yi wa kuka.

Abu Yusra: Anti Ummu Hanan, na Camus ɗin da kike da shi ina zaton A Happy Death ne, ko? Shi ne wanda Camus ya rubuta yana saurayi ya ajiye bai buga ba, sai a 1971 aka fitar, shekara goma sha ɗaya bayan mutuwarsa, Howard ya fassara a 1972. Kada ki haɗa shi da The Stranger, wannan ba Howard ne ya yi ba.

Ga gargaɗi kuma ga ɗalibai 'yan'uwana. Madness and Civilization na Michel Foucault da Howard ya fassara a 1965, daga taƙaitaccen bugun Faransanci aka ɗauko shi. Cikakken littafin bai fito da Ingilishi ba sai a 2006, da sunan History of Madness, kuma wasu ne suka fassara. Na rubuta babi guda na kundina da na Howard kafin mai duba aikina ya nuna mini, sai da na koma na sake. Don karatun nishaɗi na Howard ya fi daɗin bi, amma in za ka kafa hujja ka nemi cikakken.

Wanda ni ya fi burge ni shi ne Jealousy na Robbe-Grillet, 1959. Sunan littafin da Faransanci kalma ce mai fuska biyu, tana nufin kishi, tana kuma nufin tagar nan mai jerin katako da ake leƙe ta tsakaninsu. Labarin miji ne a wata gonar ayaba yana leƙen matarsa da maƙwabcinsu ta irin wannan taga. Ba a taɓa ce maka yana kishi ba, ba a ma ambace shi ba, sai dai ka ga ana ta ƙirga layukan ayaba, ana ta komawa kan tabon shanshanin da maƙwabcin ya murƙushe a bango. Ingilishi ba shi da kalma ɗaya mai ɗaukar ma'anar biyu, dole Howard ya zaɓi kishi ya bar taga. Amma a cikin littafin bai ƙara ko ɗigon tausayi da marubucin bai sa ba.

Ummu Hanan: Shi ne kuwa, A Happy Death. Na Barthes ɗin kuma Camera Lucida ne. Sau biyu ina farawa ina ajiyewa, rabin farkon ya yi mini nauyi.

Maman Sadiq: Ƙanwata, ki daure ki kai rabi na biyu. Ni ma haka na yi da shi, ya fi shekara uku a ajiye, sai bayan rasuwar mahaifiyata na koma masa. Barthes ya rasa tasa uwar a watan Oktoba na 1977, kuma kusan duk rayuwarsa tare suka zauna. A rabin na biyu yana ba da labarin yadda ya zauna da dare a ɗakinta yana ɗaga hotunanta ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila, yana neman wanda zai ce wannan ita ce. Duk suna kama da ita amma ba ita ba ce. Daga ƙarshe ya same ta a wani tsohon hoto da ya koɗe, tana 'yar shekara biyar, tsaye da yayanta. Kuma duk hotunan da ya cika littafin da su, wannan ɗin bai buga shi ba, don ya ce ga wani ba zai zama komai ba.

Da na kai nan sai na tashi na ciro gwangwanin alewar da Inna ke ajiye hotuna a ciki. Akwai na aurena, akwai na dawowarta daga Makka da haƙorin zinariya, duk ta gyara zama tana kallon mai hoto. Wanda ya karya ni shi ne wani da aka ɗauki ƙanena ranar suna, ita tana can gefe ba ta ma san ana ɗauka ba, rabin fuskarta kawai ya fito, ta ɗaga hannu tana gyara ɗaurin kallabi. Wannan hannun na sani. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Barthes kansa bai daɗe ba, mota ta buge shi a Paris a farkon 1980, ya mutu bayan wata guda. Howard abokinsa ne, ya fitar da fassarar a 1981. Bayan kusan shekara talatin kuma, a 2010, ya fassara ƙananan takardun da Barthes ya riƙa rubutawa tun washegarin mutuwar uwar, Mourning Diary. Wasu shafukan layi ɗaya ne tak. Shi ma ina da shi in kina so, amma ki fara gama wanda ke hannunki.

Ummu Hanan: Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta. Yau ɗin nan zan koma masa.

Sha'irin Zaure: Amin ya Allah. Allah ya ƙara haƙuri Hajiya.

Ni kuma da ƙorafi na zo, Malam ya yi mini afuwa. Duk an lissafa zube, ba a taɓo inda ya kamata a auna sha'iri ba. Les Fleurs du mal na Baudelaire, wanda ya fito a 1857 har kotu ta sa aka cire waƙa shida daga ciki, Howard ya fassara shi dukkansa a 1982, aka ba shi babbar kyautar littafi ta Amurka a ɓangaren fassara a 1983. To amma ya zubar da amsa-amo. Baudelaire mutum ne mai ɗaure ɗango da kari, yawanci gaɓa 12, kowane baiti da amsa-amonsa. Ka cire wannan ka ce ka fassara waƙa? A wurina miya ce ba gishiri. Wane ne a cikinmu zai karɓi waƙar Hausa da aka warware mata amsa-amo?

In ana neman Ba'amurken sha'iri da ya riƙe amanar Faransanci, ga Richard Wilbur nan. Ya juya wasannin Molière, The Misanthrope a 1955 da Tartuffe a 1963, 'yar tagwai tun daga farko har ƙarshe, kowane ɗango biyu suna amsa juna, kuma har yau da fassararsa ake hawa dandamali. Ummu Hanan, ki nemi Tartuffe. Labarin wani ne mai shigar masu ibada da ya samu gindin zama a gidan attajiri, har ya kusa raba shi da gidansa da matarsa. Dare ɗaya za ki cinye shi.

Malam Babba: Babu laifi ɗana, ƙorafinka yana da tushe, kuma Wilbur ya cancanci duk yabon da ka yi masa. Amma ka duba abu biyu.

Na farko, kana auna Ingilishi da mudun Hausa. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, shi ya sa sha'irinmu zai ɗauki "ba" ko "na" ko "wa" ya yi baiti ɗari a kansa bai yi haki ba. Faransanci ma yana da yalwar kalmomi masu ƙarshe iri ɗaya. Ingilishi matalauci ne ta wannan fuska. Mai fassara in ya dage sai ya samu amsa-amo, sau da yawa sai ya juya jimla ta baya, ko ya cusa kalmar da mai waƙar bai faɗa ba.

Na biyu, wasan Molière na ban dariya ne, kuma dariyar tana faɗowa ne daidai kan amsa-amon, kamar yadda makaɗi ke sauke kiɗa. In ka cire shi ka kashe wasan. Baudelaire kuwa abin da ke riƙe da shi shi ne yadda tunani ke lanƙwasa a tsakiyar jimla, ya fara da turare ya ƙare da mushe. Howard ya faɗa a gabatarwarsa cewa da gangan ya bar amsa-amon. Bai bar kari ba, in ka karanta a bayyane za ka ji taku. Kuma littafin gaba ɗaya ya ɗauka, ba zaɓaɓɓun waƙoƙi ba, don a ji shi da murya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Waɗanda suka riƙe amsa-amo suna nan, Roy Campbell a 1952, James McGowan a 1993. A jera su a gani.

Sha'irin Zaure: Allah ya gafarta Malam, na ji bayanin, amma zuciyata ba ta sauka ba. Wilbur ma ya juya ɗaya daga waƙoƙin Baudelaire, wadda ake gayyatar masoyiya tafiya, da amsa-amonta cif, kuma ba ta rasa komai ba.

Malam Babba: Haka ne, kuma ta yi kyau ƙwarai. Waƙa ɗaya ke nan. Howard sama da ɗari ya ɗauka.

Ɗan Damagaram: Ni ina tsakiya. A lise, wato sakandare, mun yi haddar L'Albatros, baiti huɗu ne, kowane ɗango huɗu. Matuƙan jirgin ruwa ne ke kama wani ƙaton tsuntsun teku don wasa. A sama sarki ne, amma da sun aje shi kan katakon jirgi sai ya koma abin tausayi, fikafikansa na jan ƙasa, wani na tsokanar bakinsa da lofe, wani na kwaikwayon ɗingishinsa. Baitin ƙarshe ya ce haka sha'iri yake a cikin mutane, girman fikafikansa ne ke hana shi tafiya. Na karanta ta Howard, ma'ana ba abin da ya ɓace, hotunan duk suna nan. Amma abin da ya sa har yau, bayan shekara ashirin da wani abu, nike iya kawo ta da ka, amsa-amon ne. Ta Howard za ka fahimce ta, ba na jin za ka haddace ta.

Wanda zai saya ya sani, bugun kamfanin Godine yana da Faransancin a ciki, sai dai ba shafi da shafi suke fuskantar juna ba. Ingilishin ne a gaba, Faransancin a baya, sai ka sa yatsa biyu.

Malam Babba: Wannan adalci ne, na karɓa.

Bari in cika alkawarin da na yi kan waƙoƙinsa. Littafin da ya ci Pulitzer sunansa Untitled Subjects, 1969. Ba ya cewa "ni" da bakinsa a ciki. Kowace waƙa shekara ce take kanta, kuma wani mutumin ƙarni na 19 ne ke magana ko rubuta wasiƙa. A ta 1851, John Ruskin ne ke rubuta wa mahaifinsa daga Venice, yana ta zuba bayanin gine-gine, kai kuma mai karatu kana hango aurensa na rushewa shi bai gani ba. A wata, matar William Morris ce da tsufanta take buɗe akwatin tsofaffin takardu tana magana da 'yarta. Salon Robert Browning ne ya ɗauko ya sabunta. A Two-Part Inventions na 1974 ya mai da muryoyin biyu-biyu, har da ziyarar da Oscar Wilde ya kai wa Walt Whitman a Camden a 1882. Littafinsa na ƙarshe-ƙarshe, A Progressive Education na 2014, da bakin 'yan aji shida na wata makaranta a Cleveland ya rubuta shi, yana da shekara tamanin da 'yan kai.

Kin gani ke nan, 'yata, sana'ar ɗaya ce. Ko yana fassara ko yana waƙa, aron bakinsa yake bayarwa wani ya yi magana. In za ki nemi guda ɗaya, ki nemi Inner Voices na 2004, zaɓaɓɓun waƙoƙinsa ne na shekara arba'in. Ina faɗa miki gaskiya, suna da wuya. Cike suke da sunayen masu zane da mawaƙan Turai, sai kina karatu kina bincike. Waƙa ɗaya a mako ta isa.

Abu Yusra: Malam, Stendhal fa? The Charterhouse of Parma, 1999.

Malam Babba: Shi ne ma zan ba wanda yake son labari zalla. Stendhal cikin kwana 52 ya yi shiftarsa a ƙarshen 1838, kuma Howard ya bar shi da gudunsa, bai tsaya yi masa kwalliya ba. Ko don babin da yaron nan Fabrice ya tsinci kansa a filin yaƙin Waterloo, hayaƙi da dawakai ta ko'ina, ya fito yana tambaya ko yaƙin gaske ne ya gani, ya isa a saya.

Sai dai ba duk abin da ya fassara zan miƙa wa kowa ba. Cioran, ɗan Romaniya mai rubutu da Faransanci, Howard ya juya littattafansa da dama, har ɗaya ya ci kyautar fassara ta ƙungiyar marubuta ta PEN a 1976. Jimlolinsa kamar aska, amma yanke ƙauna ne tsantsa da sukar imani. Wanda zuciyarsa ke cikin ƙunci ya nisance shi. The Immoralist na Gide da wasu waƙoƙin Baudelaire ma ba na ɗaliban sakandare ba ne, ke malama ce, kin san abin da nake nufi.

Sha'irin Zaure: Barkanmu da asuba. Jiya bayan isha'i na ce bari in gwada da hannuna. Na ɗauki baitin farko na waƙar tsuntsun nan, daga Ingilishin Howard da bayanin Ɗan Damagaram, na ce zan mai da shi ƙwar huɗu da amsa-amon "wa". Har ƙarfe ɗaya ina kai. Ya fito, kuma yana da daɗin rerawa. Amma da na sake dubawa sai na ga na sa tsuntsun yana kuka, na kuma kira matuƙan azzalumai, alhali Baudelaire bai faɗi ko ɗaya ba. Shi cewa ya yi don nishaɗi suke kama shi, ya bar ka ka ji zafin da kanka. Amsa-amon ne ya ja ni na faɗi abin da ya ɓoye. Har yanzu ina nan kan cewa waƙa da amsa-amo ta fi, kuma Wilbur ne gwanina. Amma maganar miya ba gishiri na janye ta, Malam.

Malam Babba: Allah ya yi maka albarka. Kada ka yaga baitin, ka ci gaba da sauran ukun, ka kawo mana nan mu gani.

Ummu Hanan: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na kai wurin hoton, Hajiya, sai da na rufe littafin na ɗan zauna. Ga yadda na tsara: makon farko in gama Barthes in jera yariman biyu, sannan Stendhal mako uku, ragowar kuma Baudelaire. Tartuffe zan saƙa shi a wani daren Juma'a. Inner Voices sai na samu wanda zai taho mini da shi. Wa ke da Baudelaire na aro?

Malam Babba: Nawa yana nan, bangon ya ɗan saki amma shafukan sun cika. Jikana zai shigo Kano ranar Asabar, zan ba shi ya kawo miki. Akwai rubutuna da fensir a gefe, kada ki goge.

Ɗan Damagaram: Ni kuma in littafin ya iso ki faɗa mini. Zan karanto maki L'Albatros da Faransanci in turo da murya, a hankali, sau biyu. Ki buɗe shafin Howard kina bi da ido, kunnenki kuma na kan ƙarshen kowane ɗango.